Ranar da Matsarmamar Baba Ta Ɓace

Innata ta yi shekara talatin da 'yan kai tana aiki a babban asibitin garinmu, amma in ka tsayar da majinyata ɗari ka tambaye su ko sun san ta, da ƙyar ka samu ɗaya. Ita kuwa ta san su ciki da bai. Ta san wanda ya karya ƙafa a kan babur, ta san wadda haƙarƙarinta ya tsage, ta san yaron da ya haɗiye ƙusa. Fuskokinsu ne kawai ba ta sani ba. Aikinta wankin hoton ƙashi ne, a wani ɗan ɗaki marar taga can ƙarshen baranda, inda ba a kunna komai sai wata 'yar jar fitila. A ɗauki hoto a ɗakin da ke maƙwabtaka da ita, a turo mata fim ɗin ta wata kafa a bango, ta tsoma shi a ruwan magani, ta ɗauraye, ta shanya, ta mayar ta kafar. Ma'aikata na kiranta Uwar Duhu, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba.

Ta yi karatun ɗaukar hoton ma, ba wanki kaɗai ba. Amma tun farkon zuwanta aka lura fim ɗin da ya bi ta hannunta ya fi fita tas, sai aka ce ta ɗan riƙe ɗakin kafin a samo wani. Ba a samo ba. Inna kuwa ba mai magana ba ce, ita ce babba a gidansu, ta saba a ɗora mata kaya ta ɗauka ba tare da ta tambayi inda za a sauke ba.

A ɗakin nan ma ta samu miji. Ƙofar ce ta fara zubar da haske ta ƙasa tana lalata mata fim, aka kira wani kafinta ya gyara. Aikin yini guda ne, amma kafintan ya yi ta samun sabon aibu a ƙofar har sai da aka sa rana. Shi ne Babanmu. Mutum ne mai fara'a, mai tumbi, mai haƙuri da kowa da komai ban da yunwa. Ni ce autarsu, tela ce ni, kuma a gida an ce bakina ya fi almakashina kaifi. Ban musa ba.

Mun tashi mun san hannun Inna da warin ruwan magani, wanda sabulu ba ya fitarwa. Mun san ta da ƙanƙance ido in ta fito rana. In an ɗauke wuta kowa na laluben tocila yana tuntuɓe da kujeru, ita kuwa sai ta wuce madafa ta ɗauko gishiri ta dawo kamar ba a yi komai ba. In ta ɗaga fim sama ta kalle shi, kafin likita ya gani ta riga ta san inda aka karye, sai dai ba ta faɗa, don ba aikinta ba ne.

Sai aka kawo sabon inji, wanda ke ɗaukar hoto ya aika shi kwamfuta kai tsaye. Ba fim, ba ruwan magani, ba shanya. Shugaban sashensu, wani matashi mai ladabi da ya girmi Yayanmu da kaɗan, ya kira ta ofis yana ta murza hannu.

"Mama, ɗakin duhu za a rufe shi," ya ce. "Zaɓi biyu ne. Ko ki yi ritaya yanzu, ko ki je makarantar koyon sikanin. Muna neman hannu a wannan ɓangaren. Sai dai jarrabawar gwaji sau biyu kawai ake ba mutum dama. In ba a ci ba, ba ni da inda zan ajiye ki."

Da ta faɗa mana a gida, raina ya ɓaci ƙwarai. Mace ta ba ku idonta da ƙuruciyarta a cikin duhu, sai yanzu da ta haura hamsin ku ce ta koma aji? Na ce ta ajiye musu aikinsu, ta zo shagona ta zauna tana shan iska, ni na ɗauke mata komai.

"Auta," ta ce, "ni ba a koya mini zama ba. Kuma ban gama da asibitin nan ba."

Baba ya ce, "Innar yara, in karatu ne ki je. In suna neman cikin da za a yi gwaji a kai, ga nawa nan, fili ne babba."

Da wasa ya faɗa. Bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Sikanin, ga wanda bai taɓa shiga ba, shi ne wanda ake shafa maka wani mai mai sanyi a ciki, a ɗora maka kan na'ura a yi ta zagayawa da shi, hoto na fitowa a allo baƙi da fari da toka-toka, kana kallo kana gyaɗa kai alhali ba ka ga komai ba. Inna ta shiga aji da yaran da ta haifi kamarsu. Suna kiranta Mama, suna ba ta kujerar gaba. Wajen hadda kuwa ba wanda ya kamo ta. Sunan kowace jijiya, gefen da kowace gaɓa take, duk suna kanta. Jarrabawar rubutu ta cinye ta ba gardama.

Matsalar idonta ce. Shekara da shekaru ya saba da doka guda: a hoton ƙashi, baƙi iska ne, fari ƙashi ne. A sikanin kuwa ba haka ba ne, baƙi ruwa ne, iska kuma fari take fitowa. Inna ta san wannan a ka, za ta iya karanta maka shi tana barci. Amma da zarar hoto ya bayyana a allo, sai tsohon idon ya riga sabon kan magana.

Haka aka yi a gwajin farko. Mai jarrabawar wata doguwar likita ce da ke ɗora tabarau a kan hanci, wadda ɗalibai ke cewa ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Ta nuna wani baƙin abu a allo ta ce, "Mene ne a cikin wannan?"

"Iska," in ji Inna.

Likitar ta matsa ta nuna wani farin ƙyalli a tsakiyar ciki, inda babu ƙashi ko na kifi. "Wannan fa?"

"Ƙashi."

Kafin bakinta ya rufe ta san ta yi ɓarna. Na farkon mafitsara ce cike da fitsari, na biyun iskar hanji ce. Likitar ta cire tabarau ta ce, "Mama, kanki ya sani, idonki ne bai yarda ba. Saura dama ɗaya."

Inna ta dawo gida jikinta a sanyaye. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba, wannan ne ya fi ba ni tausayi. Sai ta zauna ta buɗe littafi tana kallon hotuna tana motsa baki, baƙi ruwa, fari iska, baƙi ruwa, kamar mai koyon tafiya da baya. Ni na riga na fid da rai, na ma fara share mata wuri a shago ba tare da na faɗa mata ba.

Ana cikin haka aka ce ta zo ta kwashe kayanta daga ɗakin duhu. Na raka ta da rana tsaka, don in ɗauko mata 'yar kujerarta da rigar leda da silifas ɗin aiki. Muka tarar an riga an fitar da tankunan magani, an cire kabad, an kwance wayoyin shanya, an yaye baƙin labulen da ke bayan ƙofa. Ba komai sai bango huɗu da tabon tsatsa a ƙasa. Ta shiga ta tsaya a tsakiya, ni ina bakin ƙofa ina kallonta.

"Auta," ta kira ni.

Ɗakin ya maimaita. Ba da ƙarfi ba, amma mun ji shi sarai. Duk shekarun da ta yi a ciki ɗakin bai taɓa amsa mata ba, don kaya da labule suna shanye murya. Ta kasa kunne. Ta sake kira, ya sake amsawa.

"Shigo ki rufe ƙofar," ta ce.

Na rufe. Ta matsa kusa da bango ta yi kira, amsar ta dawo da kaifi. Ta cire mayafinta ta ba ni ta ce in baza shi a jikin bangon, ta sake kira, amsar ta dawo a dushe. Ta ce in buɗe ƙofar. Ta tsaya saitin ƙofar ta ƙwala kira, babu abin da ya dawo daga bakin ƙofar, sai can daga ƙarshen baranda muka ji muryar ta bugi bango ta juyo. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ga Uwar Duhu ba mayafi tana kiran 'yarta da ke tsaye a gabanta, ta ja da baya a hankali.

"Inna, lafiya?" na ce. "Mutane fa na kallonmu."

"Ba hoto ba ne, Auta," ta ce. "Kira ne da amsa. Tun ranar farko aka faɗa mana, amsa-kuwwa ce. Na haddace, ban ji ba."

Ta zaunar da ni a 'yar kujerar ta yi mini bayani, ni da ban tambaya ba. Hoton ƙashi haske ne ke ratsa mutum, abin da ya tare shi ya fito fari. Sikanin kuwa murya ce na'ura ke aikawa cikin jiki, ta saurari abin da zai dawo. Abin da ya amsa da ƙarfi shi ne fari. Abin da ya amsa ƙasa-ƙasa, kamar bangon da aka rufe da mayafi, shi ne toka-toka, irin su hanta da saifa. Abin da ya yi shiru shi ne baƙi. Ruwa buɗaɗɗiyar ƙofa ne, ba ya amsawa, murya ke wucewa ta cikinsa, shi ya sa abin da ke bayansa ke fitowa da haske, don muryar ta isa can ba ta gaji ba. Dutse da ƙashi bango ne, su amsa da ƙarfi su hana ka jin abin da ke bayansu, sai ka ga baƙar inuwa ta miƙe a ƙarƙashinsu.

"To iska fa?" na ce.

"Iska ita ce mai hayaniya. Ta cika wuri da surutu ta hana a ji kowa. Kamar ke."

Ta yi dariya. Na bar mata wannan, don rabon da in ga ta yi dariya tun kafin a kawo sabon inji.

Daga ranar cikin Baba ya shiga uku. Sashen na da tsohuwar na'ura da ake bari masu koyo su taɓa in an gama da majinyata. Sharaɗin shi ne wanda za a duba ya zo bai ci komai ba, don matsarmama, 'yar jakar ɗacin nan da ke maƙale a ƙarƙashin hanta, sai ciki ba komai take cika ta fito sosai. Baba ya riƙa zuwa daga shago da garin katako a gira, yana tafe yana kiran sunan Allah, ya kwanta ya ɗage riga.

"Innar yara, man nan daga firji kuke ciro shi?"

"Malam, ja numfashi ka riƙe."

Inna ta daina kallon allo tana neman sura. Sai ta ɗora kan na'urar ta ce, wa ke ihu, wa ke raɗa, wa ya yi shiru. Hantar Baba ta fito toka-toka mai laushi, sai dai ta fi yadda ake so haske, Inna ta ce kitse ne ya fara taruwa. Baba ya ce hanta mai haske ai alheri ne. Ƙodarsa ta fito gefenta da ɗan duhu, tsakiyarta fari. Haƙarƙarinsa na jefa inuwa baƙa ƙirin. Amma abin alfaharin gidanmu ita ce matsarmamarsa: doguwa, baƙa wuluk, bangonta siriri kamar an ja shi da fensir, bayanta na haske. Har sauran ɗalibai ke roƙo a bar su su gwada a kanta. Baba ya koma shago yana faɗa wa abokan aikinsa cewa duk garin ba mai irin tasa, likitoci ma layi suke yi.

Ni ma ban tsira ba. Nawa aikin shan ruwa ne har mafitsara ta cika, in kwanta ana danna ni ina zagin ranar da na raka ta ɗakin duhu.

Ranar gwaji na biyu aka ce kowane ɗalibi ya zo da mutum biyu, ɗaya cikinsa wayam, ɗaya mafitsara cike. Muka isa makarantar da sassafe muka zauna a benci. Inna ce ta ƙarshe a layi. Rana ta ɗaga, ta take, ba a zo kanmu ba. Ni ina sha ina zagawa ina sake sha, don ba a san lokacin da za a kira mu ba. Baba kuwa ya fara da nishi, ya koma lissafin abubuwan da ya taɓa ci a rayuwarsa, daga nan ya ce yana ganin mutane bibbiyu. Can ya miƙe ya ce bari ya gyara wa babur wuri, rana na dukansa. Ya ɗan jima. Da ya dawo sai ya zauna shiru, fuskarsa a sake, har yana yi wa wani ɗalibi nasiha a kan haƙuri. Na lura, amma a lokacin abin da ke damuna ya fi ƙarfin in bi diddigin kowa.

Da aka kira mu, gado biyu ne a ɗakin da labule a tsakani. Aka kwantar da ni a na ciki, Baba a na kusa da na'ura. Ta gefen labulen ina hango allon da rabin fuskar Inna. Likitar nan ce dai mai tabarau.

Farko komai ya tafi daidai. Inna ta nuna hanta ta faɗi yadda take, ta nuna ƙoda, ta nuna inuwar haƙarƙari ta ce inuwa ce ba ruwa ba, don bayanta ba haske. Likitar ta gyaɗa kai.

"Nuna mini matsarmama."

Na ce a raina, an zo gida. Inna ta kai hannu inda ta saba kai shi kullum. Babu. Ta ce Baba ya ja numfashi. Babu. Ta juya shi ya kwanta a gefen hagu, ta bi ta ƙarƙashin haƙarƙari, ta bi ta tsakaninsu. Matsarmamar da ake layi a kanta ta yi ɓatan dabo. Na ga gumi ya karyo wa Inna a goshi. Cikina ya ɗuri ruwa, ga shi dama a cike yake.

Likitar ta dubi agogo. "Mama, in ba ki same ta ba ki ce ba ki same ta ba."

Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan. Wanda ya kasa nuna matsarmama bai ci ba, Inna kuma ba ta da wata damar. A daidai lokacin wani baƙin abu zagayayye ya bayyana a allo. Saura ƙiris in yi ihu in ce ga ta can. Likitar ma ta sa alƙalami a kansa.

"Wannan fa?"

Inna ta dube shi. Da ta ce ita ce, wataƙila da ta huta na ɗan lokaci. Sai ta juya kan na'urar a hankali, zagayayyen abin ya miƙe ya zama dogo ya shige cikin hanta yana rassa.

"A'a, likita. Ruwa ne, amma mai tafiya. Jijiyar jini ce."

Daga nan ta rufe ido. Wallahi rufewa ta yi, a tsakiyar jarrabawa, kamar ta koma ɗakinta na da. Can ta buɗe. Ta daina neman baƙar jakar da ta saba gani. Ta kama wani siririn farin layi a cikin hantar ta bi shi sannu a hankali, har ya kai ta ga wani ɗan abu motsattse, bangonsa mai kauri, da ɗan baƙi a tsakiya kamar tsagar ido. Ta tsayar da hoton. Ta matsar da hannu sama wajen hagu, sai ga wata jaka cike da ɗigo-ɗigo fari da toka suna juyawa, bayanta duk hayaniya. Ta tsayar da wannan ma.

"Likita, ga matsarmama. Ba ɓacewa ta yi ba, matse ruwanta ta yi ta tsuke. Ga kuma dalili, tumbi cike yake." Sai ta juyo ta dubi mijinta. "Malam, me ka ci?"

"Ni?" in ji Baba. "Innar yara, ji tsoron Allah. Tun jiya rabona da..."

"Abu mai maiƙo ne, kuma bai daɗe da shiga ba. Ga shi nan yana juyi."

Baba ya ɗaga kai ya leƙa allon, ya ga ba wurin ɓuya.

"Ƙwai ne," ya ce a hankali. "Soyayye. Ai na ɗauka ƙwai ba abinci ba ne. Sai ɗan burodi, don kada ƙwan ya zauna shi kaɗai."

Ranar aka ga haƙoran likitar, har na ciki. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ni ma dariyar ta kama ni, ga halin da nake ciki, sai na ɗaga murya daga bayan labule na ce, "Don Allah ku yi mini rai ku duba ni, kafin a yi abin kunya a makarantar mutane!"

Aka zo kaina. Likitar ta nuna baƙin da ya cika allo, irin wanda ya kayar da Inna a karon farko, ta ce mene ne a ciki. Inna ta ce, "Ruwa ne, likita. Ya yi shiru, bayansa kuma na haske." Ban tsaya jin sauran ba, na diro na yi waje da gudu.

Da na dawo na tarar likitar ta kira ɗaliban da ba su tafi ba, sun kewaye allon, tana nuna musu hoton nan biyu. Ta ce cikakkiyar matsarmama kowa na iya nunawa, tsukakkiya ce ke bambanta mai gani da mai hadda. Sannan ta juya ga Inna.

"Ba a faɗin sakamako a ɗakin nan, Mama. Amma ki je gida ki yi barcinki har da minshari."

Yaran suka ɗau tafi. Inna ta sunkuyar da kai tana goge man da ke hannunta, ta goge, ta sake gogewa, hannun da ya riga ya bushe. Ni kuwa na rungume ta ina kuka ba kunya, don ni ce na fara share mata wuri a shago.

Muka kama hanya. Baba kuwa tun kafin mu kai gida ya gyara labarin. Wai da gangan ya yi, don ya san matarsa ta wuce a ba ta tambaya mai sauƙi. Har yau haka yake faɗa a shago. Inna ta bar shi da yunwar gaske har yamma, sannan ta zuba masa abinci ta ce ya ci a hankali, tana ganin komai.

Da sakamako ya fito, shugaban sashe ya sake kiranta ofis, wannan karon bakinsa har kunne. Ya ce matsala ɗaya ce, sikanin na son ɗaki mai duhu-duhu don a ga allo sosai, kuma duk sashen ɗaki ɗaya ne marar taga da ba kowa a ciki. Ko za ta iya haƙuri da shi?

Inna ta ce za ta gwada.

Baba ne ya yi aikin ƙofar. Ƙofar da ya toshe da hannunsa tun yana saurayi don kada haske ya shiga, ita ya cire ya faɗaɗa don keken majinyata ya wuce. Kafar da ake turo fim ya rufe ta da katako ya mayar da ita wurin ajiye mai da tawul. Ni na ɗinka labule, shuɗi, na ce baƙi ya isa haka. Aka shigo da gado da na'ura da 'yar kujerarta ta da, aka jera benci a baranda.

Ranar da ta fara aiki na rufe shago na bi ta, wai in ga ko labulen ya zauna daidai. Benci ya cika tun kafin mu iso. Ta farko wata tsohuwa ce da jikarta ta riƙo, tana dafe da gefen ciki, tsoro ya cika mata ido. Inna ta taimaka mata ta hau gado, ta ɗumama man a tafin hannunta kafin ta shafa, abin da ba ta taɓa yi wa Baba ba. Ta tambaye ta inda ke ciwo, ta tambaye ta jikoki nawa. Tsohuwar ta saki jiki, ta ƙura mata ido a ɗan hasken allon.

"'Yar nan, ke sabuwa ce?" ta ce. "Na daɗe ina zuwa asibitin nan, ban taɓa ganinki ba."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, cikakkiya kuwa, Inna ta yi mini kallon da ya sa na haɗiye.

"Ina nan tun da daɗewa, Iya," ta ce. "A ɗakin nan ma. Ƙofar ce ba a buɗe ba sai yau."

Ta ɗora kan na'urar, ta ce tsohuwar ta ja numfashi ta riƙe. Na ja labulen na fita baranda, na ce wa na biyu a layi ya matso.